Kan jirgi mai araha na HO, yana ƙarko kuwa ko zubar da kuɗi ne?

Sabon_Direba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ni sabon shiga ne a harkar nan ta ƙananan jiragen ƙasa na wasa, wata huɗu kenan da na sayi saitina na farko na ma'aunin HO, wato wanda aka rage girman jirgin gaske sau 87, irin wanda ke zuwa a kwali ɗaya da kan jirgi da tarago uku da layi zagayayye da ɗan akwatin ba da wuta. Satin farko kam ba laifi, yara har faɗa suke a kan wa zai murɗa. Amma yanzu in na murɗa wutar a hankali kan jirgin ba ya motsi sai gurnani kawai, in na ƙara kaɗan sai ya fizga a guje kamar an tsikare shi, kuma duk sanda ya zo kan mararraba sai ya tsaya cak sai na ɗan taɓa shi da yatsa, fitilar gabansa kuwa sai ƙyafƙyaf take. Dan Allah masu araha duk haka suke ne ko ni ne ban yi sa'a ba? Ina so in ƙara kai na biyu amma ina tsoron in sake ƙona hannu.

Tsohon_Makaniki

Wa alaikumus salam. Ƙanina kar ka yanke masa hukunci tukuna, ƙyafƙyaf ɗin fitilar nan shi ya tona asirin, wuta ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata. Ka tuna abin nan bai da batir, ta layin dogo yake shan wuta, wajen bolt 12 in ka ƙure, daga layi ta shiga taya, daga taya wasu 'yan siraran tagulla da ke goga bayan tayar su ɗebe ta su kai wa moto. Datti kaɗan a ko'ina cikin hanyar nan ya isa ya tsayar da shi. Ka samu farin ƙyalle ka ɗiga masa sifirit irin na goge kayan lantarki ka bi kan layin, wlh za ka ga baƙin da zai fito sai ka yi mamaki. Sannan ka shimfiɗa ƙyallen a kan layi, ka ɗora rabin tayoyin a kai rabi a kan ƙarfe, ka riƙe shi ka ba shi wuta su goge kansu. In a kan kafet kuke shimfiɗa layin to ka kifa shi ka duba, gashi da zare na nan sun nannaɗe sandar taya. Kuma ka kanga maganaɗisu a layin, in ya kama to baƙin ƙarfe ne, yana saurin tsatsa, wanda ake ce wa nikal silba ya fi shi nesa ba kusa ba. Kar ka sa sanfefa, karce layin take datti ya samu maƙale.

Mai_Tururi

Malam duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma fa araha ba ta ado. Ni na bi ta hanyar nan, kai uku masu araha na saya a shekara biyu ba wanda ya rage. Na ƙarshen shi ya fi ba ni haushi, yana tafiya sai in ji ƙas ƙas ƙas kamar agogo, yana ɗan ɗingishi duk zagayen taya ɗaya, na buɗe sai na tarar giyar robar da ke kan sandar taya ta tsage daga tsakiya har bakin haƙori. Dama danna ta ake da ƙarfi a kan sandar ƙarfe, in roba ta tsufa ta tsuke ƙarfe kuwa bai san tsukewa ba, sai ta dare. Na nemi sifiya har na gaji. Da na haɗa kuɗin ukun nan tun farko da na ɗauki na kamfanin Kato guda ɗaya na huta, yanzu shi nake ja, sulul ba ƙara. Shawarata ka daure ka tara.

Uwar_Tasha

Yaya Mai_Tururi ban yarda da kai duka ba gsky. Araha iri biyu ce kuma kullum sai an cakuɗa su. Akwai na cikin saitin wasan yara, wanda motonsa ɗan faifai ne a kan tayoyin gefe ɗaya, ɗaya gefen jan shi kawai ake, an sa wa taya zoben roba don ya samu riƙo saboda ba shi da nauyi, ita kuma tayar da ke da zobe ba ta ɗebo wutar kirki, shi ya sa da ya hau mararraba inda akwai ɗan guntun roba a tsakiya sai ya mutu. Sannan akwai masu sauƙin kuɗi na kamfanonin da suka san sana'ar, kamar Hornby Railroad ko Piko Hobby, su galibi a kwalliya aka rage kuɗin, fenti ba yawa, marikin hannu da bututu an zuba su haɗe da jiki maimakon a manna su ɗaya bayan ɗaya. To ni wannan ragin bai dame ni ba, ga mai yara ma alheri ne don ba abin da zai ɓalle. Masu tsadar ai ko daga kwali za ka fito da su sai ka riƙe numfashi, kuma su ma ba su tsira ba, akwai cutar nan da ke kama gangar ƙarfen zinki in an haɗa shi da gurɓata, ya kumbura ya farfashe yana zaune a kan kanta, ba ruwanta da farashi.

Ni in zan saya ba na kallon gudu, kowane jaki ya iya gudu in an ƙure masa wuta. Cewa nake a sa min shi ya rarrafa, a hankali sosai har in iya ƙirga zagayen taya, ya bi kwana ya tsallake mararraba gaba da baya. In ta intanet ne sai in karanta bayanin, duk tayoyin suna ɗebo wuta? duk suna ja? moton mai fol 5 ne ko 3, wato sassan cikinsa da aka nannaɗe wa waya, don mai 5 ya fi tashi a natse, sannan akwai dunƙulen tagullar nan mai nauyi a jikin sandar moto wanda ke ci gaba da juyawa in wuta ta ɗauke na ƙiftawar ido? In yana da soket na DCC, wato tsarin sarrafa jirgi na dijital, shi ma ƙari ne ko ba yanzu za ka koma can ba. Ka kula kuma, Hornby Railroad ma'aunin OO ne 1:76, naka HO 1:87, layin ɗaya ne milimita 16.5 zai hau lafiya amma zai yi wa taragunka girma kuma maƙalar da ke haɗa su ba lallai ta zo ɗaya ba. In ka kawo sabo ka bar shi ya zaga ba kaya kamar rabin awa gaba rabin awa baya a matsakaicin gudu kafin ka ɗaura masa tarago.

Sabon_Direba

Kai Allah ya saka da alheri, na yi abin da Malam ya ce, ƙyallen sai da ya koma baƙi ƙirin, kuma na zaro wani dunƙulen gashi daga ƙarƙashi da tsinke. Fitila ta daina ƙyafƙyaf, gurnanin ya ragu, amma mararraba har yanzu sai a hankali. Na kifa shi Hajiya, zoben roba biyu ne kuma gefe ɗaya ke ja kamar yadda kika ce. Maganaɗisu ma ya kama layin. Sai dai na ɗan ɗiga masa man keken ɗinki a giya, ina fatan ban yi ɓarna ba?

Tsohon_Makaniki

Goge shi yau ɗin nan kar ya kwana, ba kowane mai ne roba ke jurewa ba kuma in ya malala kan taya ka koma gidan jiya. Ka nemi wanda aka rubuta yana shiri da roba, ɗigo ɗaya a bakin allura ya isa. Layin ka fara canzawa kafin kai na biyu.