Neman shawara: furodusa ya ce sai na kawo kundin shiri kafin ya duba rubutuna

Ɗan Kakuri:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sana'ar fim na gidan nan ku taimaka min. Kusan shekara biyu ina rubuta wani labari mai dogon zango a kan wani gida a Kakuri da ke Kaduna, maigidan ma'aikacin masaƙa ne, ranar da aka rufe masaƙar komai na gidan ya juya, mata biyu, ƴaƴa bakwai, ga ƙaninsa da ke zaune a ɗakin zaure. A irin gidan na tashi shi ya sa abin yake raina sosai. Na gama kashi huɗu cif na kai wa wani furodusa a Unguwar Sarki, wallahi ko buɗewa bai yi ba, ya ce in je in kawo abin da su ke kira baibul ɗin shiri, wai kundin da ke ɗauke da komai na labarin. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba, na ce to. Ya ba ni sati uku. Me ake sawa a ciki, shafi nawa ne, kuma ba zai ɗauke min labari ba idan na zazzage masa komai?

Ƴar Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kwantar da hankalinka ba wani abin tsoro ba ne, kuma kundin iri biyu ne. Akwai gajere na tallar labari wanda shi furodusan ke nema yanzu, akwai kuma babba da ake ta ƙara masa bayani idan an fara aiki. Na farkon shafi goma zuwa sha biyar ya isa. Fara da labarin gaba ɗaya a layi biyu ko uku, idan ya ƙi shiga layi uku to kai ma ba ka gama sanin labarinka ba tukuna. Sai mutanen ciki, sai wuraren da abin ke faruwa, sai taƙaitaccen bayanin kowane kashi. Ka lissafa kashi 13 domin gidajen talabijin da wata uku-uku su ke tsara shirye-shiryensu, sati 13 kenan, shi ne zango ɗaya. Ka faɗi kuma minti nawa kowane kashi zai ci, a ƙa'idar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne.

Amma inda na fi so ka zauna shi ne wajen mutanen. Kar ka rubuta min "uwargida mai haƙuri ce", kowa ma haka yake rubutawa. Me take so, me take ɓoyewa, wa take jin tsoro a gidan, da wane suna take kiran mijinta, ɗan farinta tana faɗin sunansa ko tana alkunya? Wannan shi jaruma za ta riƙe ta yi aiki da shi.

Edita daga Kawo:
Anti ta faɗi gaskiya. Ni ta ɓangaren tace hoto zan yi magana don mu ne ke shan wahalar rashin kundin nan. Na taɓa aikin wani shiri, a kashi na uku an ce yarinyar marainiya ce tun tana goye, muna kashi na goma sha ɗaya sai ga babanta ya yi sallama da ledar lemo a hannu, an canja marubuci a tsakiya kuma babu takarda ko ɗaya da zai duba. Kwana biyu muna neman yadda za mu yanke sin ɗin, wato fitowar da baban ya shigo, ƙarshe haka aka sake shi masu kallo suka yi ta magana a ƙasan bidiyon.

Don haka Malam ka zana bishiyar gidan a shafi guda, wa ya haifi wa, ɗan wane ɗaki ne, shekarar haihuwar kowa. Kuma tunda labarinka na da tarihi a ciki sai ka yi jadawalin shekaru. Masaƙar KTL ta Kakuri ta fara aiki a 1957 ta tsaya a 2002, in a nan ka kafa farkon labarin to ka sani takardar naira dubu ba ta fito ba sai 2005, wayar salula ma a 2001 ta shigo kuma ba kowa ke da ita ba a lokacin balle babbar waya mai shafawa. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Abuja 2016 ne. Sabuwar gadar Kawo kuwa kar ta kuskura ta fito a bayan jarumi a sin ɗin 2002, ƴan Kaduna a take za su gane. Duk ka rubuta waɗannan, mai kula da kaya da mai neman lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, za su sa maka albarka.

Malamin makaranta, Malali:
Ni ba ɗan fim ba ne, mai kallo ne kawai. Roƙona ka rubuta yadda kowa ke magana. Kakuri ba Hausawa kaɗai ba ne, masaƙun nan sun tara mutane daga ko'ina, akwai maƙwabcin da Hausarsa ta bariki ce, akwai mai haɗawa da Turancin buroka. In kowa ya buɗe baki ya yi Kananci tsantsa to ba Kakurin da muka sani ba ce.

Edita daga Kawo:
Sosai Malam. A ƙara da yanayi ma, damina ce ko hunturu. Ana ɗaukar rabin sin a watan Agusta ciyawa kore shar, a dawo ƙarasawa a Janairu hazo ya rufe gari, a labarin kuma wai rana ɗaya ce.

Tsohon darakta:
Ɗana, duk abin da suka faɗa maka haka ne, amma ni abu ɗaya nake nema idan aka miƙo min kundi: me zai sa a dawo sati mai zuwa? Rufe masaƙa rana ɗaya ce, kashi ɗaya ya cinye ta. Me ya rage a gidan da zai yi ta haifar da rigima har zango uku? Gidan ne na gado da ƙanin ke da kaso a ciki? Kuɗin sallama ne da ake ta jira kowa ya riga ya ci bashi a kansa? Nemo wannan ka sa a shafin farko. Sannan ka ji tausayin aljihun furodusa, ka nuna masa yawancin sin a tsakar gida ɗaya da shago ɗaya za a yi su, in ya ga lokeshan talatin zai ajiye ko labarin ya kai zuma daɗi.

Inda na saɓa da wasu shi ne ƙarshen labari. Ni na ce ka rubuta shi ƙarara. Mai zuba kuɗinsa ba ɗan kallo ba ne da za ka ja masa rai.

Ƴar Tudun Wada:
Baba a gafarce ni, a nan kam ban bi ka ba. Ƙarshen zangon farko e ya rubuta, amma na zango na biyu da na uku layi bibbiyu ya isa, tunda yaron nan ko takarda ba su sa wa hannu ba.

Kan maganar sata kuma ƙanina, a dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da zarar ka rubuta abu ya zama naka, amma ra'ayin da ke cikin kai ko wanda ka faɗa da baki a majalisa doka ba ta kare shi. Kundin ma kariya ce gare ka kenan. Sa sunanka da kwanan wata a kowane shafi, ka tura ta imel maimakon ka miƙa hannu da hannu don ya zama akwai shaida, in da hali ka yi rajistarsa a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ana yi ta intanet.

Tsohon darakta:
To na karɓa ƴata, a yi hakan. Amma shi ya san ƙarshen a ransa ko bai rubuta ba.

Ɗan Kakuri:
Allah ya saka da alheri, wallahi kamar an sauke min dutse. Baba tambayarka ta hana ni barci jiya, na gane kuɗin sallamar ne zuciyar labarin, ni kuma sai a kashi na huɗu na fara ambatonsa, zan dawo da shi farko. Na zauna zana bishiyar gidan kuma sai na tarar autan amarya ya girmi auren uwarsa da shekara biyu, na gyara. Anti in ba damuwa zan turo miki shafukan mutanen ranar Asabar ki duba min uwargidan, har yanzu ban san me take ɓoyewa ba.