Ku ba ni shawara: in sayar da kyamarata in sayi tab na zane, ko yaya zan yi?

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Ku yi haƙuri da tsawon labarin.

Ni tun ina firamare nake zane. Babanmu, Allah Ya jiƙansa, mai zayyanar allo ne, duk yaron da ya sauke Alƙur'ani a unguwarmu wurinsa ake kawo allon. Ni ce mai daka masa gawayi da ƙaro na tawada, a wurinsa na koyi riƙe alƙalami da daidaita layi ba tare da rula ba. Bayan littattafaina na makaranta duk dagi ne da dawakin Hawan Daushe. Burina in je Zariya in karanta zane a ABU, aure ya zo, maganar ta bi ruwa. Bayan na haifi ta fari yayana ya kawo min kyamara ta hannu, Canon 600D, na fara ɗaukar hoton kamu da sa lalle da suna. Mata sun fi sakewa in mace ce ke riƙe da kyamara, ba mai neman mayafi, shi ya sa na samu kasuwa. Da ita nake sayen abin da ba na so in roƙa. Sai Allah Ya kawo 'yan biyu, yanzu shekararsu 3, fita ta yi wuya.

To ga matsalar. Wata mai makaranta ta ba ni aikin zanen littafin koyon karatu na Hausa, shafi 24, tana so kafin a koma hutu. Da fensir 2B nake fara shatawa, in bi da kalar ruwa. Na kai rabi, Hassan ya juye kofin kunu a kai. Waɗanda suka tsira na ɗauka da waya na tura, mai buga littafin ya ce ba za su bugu ba. Wata ƙawata ta ce in sayi tab mai alƙalami, wato kwamfutar hannu da ake zane a fuskarta, in huta. Kuɗin ba ni da shi sai in na sayar da kyamarar. Ga maigida ya ce ya hana bikin dare. Ga Hajiyarsu ta zo ta ga fuskokin yara a kan tebur ta yi shiru, da za ta tafi ta ce min mala'iku ba sa shiga gidan da ake irin wannan. Lokacin zane kuwa daga asuba zuwa tashin yara ne kawai, da dare ba wuta. Wallahi kaina ya kulle. Me kuka gani?

Oga Mai Studiyo:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ni na tsufa a harkar nan, zan faɗa miki gaskiya ko ba daɗi. Kada ki kuskura ki sayar da kyamarar nan. Zane ya mutu. Yanzu mutum zai rubuta wa AI, manhajar nan mai ƙirƙiro hoto, layi biyu ta fito masa da yaro da akuya da bishiyar kuka kafin ki feƙe fensir. Amma AI ba za ta je ɗakin amarya ranar kamu ba, ke ce za ki je. Ki mayar wa matar aikinta, ki tara kuɗi ki sayi gilashin gaban kyamara, lens 50mm f/1.8, shi ne mafi arha a na Canon kuma shi ke maganin duhun ɗakunanmu. Magana ta ƙare.

Uwargida Ran Gida:
Hmm. Ni kalmar "ya hana" ɗin nan ce ta tsaya min a rai. Haka aka yi min da keken ɗinkina. Da farko ɗinkin dare aka hana wai ƙara, daga baya aka ce kwastoma suna yawan sallama, ƙarshe keken yana gidan ƙanwarsa har yau. Kuma in na nemi kuɗin omo sai an yi tsaki. 'Yar uwa, duk abin da za ki yi, kada ki rabu da abin da ke kawo miki na kanki.

Maman 'Yan Biyu:
Anti, nawa ba haka yake ba gaskiya. Shi yake kai ni wurin bikin ma a da. Yaran ne ba sa yarda da kowa da dare. Oga na gode, amma ba zan iya mayar da aikin ba, na riga na yi alkawari. Kuma na gwada AI ɗin, yaran da take fitarwa ba namu ba ne. Na ce yarinya da tallan gyaɗa, ta sa mata ɗaurin kai irin na wata ƙasa, hular yaron kuma ba zanna ba, ba damanga ba, ba a san ko mene ne ba.

Oga Mai Studiyo:
Mai makaranta ba ruwanta da irin hula, arha take nema. Ki rubuta ki ajiye.

Ɗan Maɗaba'a:
Hajiya, tsaya tukuna. Ni aikin buga littafi nake, kuma a ganina ba tab ce matsalarki ba. Hoton da kika tura ta WhatsApp ne ko? In ba a matsayin fayil kika tura ba, WhatsApp matse hoto yake yi ya rage masa girma, dole a ce ba zai bugu ba. Mu abin da muke nema dpi 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, a girman shafin. Kyamararki megafiksel 18 ce, hotonta ya kai ɗigo 5184 a 3456, ya ishi shafin A4 har da ragowa. Wato abin da kike shirin sayarwa shi ne maganin.

Ki shimfiɗa zanen a ƙasa a inuwa da hantsi, ba cikin rana ba, kada ki kunna filasha. Kyamarar ta kalli takardar kai tsaye daga sama, in ta karkace layukan za su karkace. Ki ajiye farar takarda a gefe don a daidaita fari da ita, ki ɗauka a RAW, wato tsarin da kyamara ke ajiye hoto ba tare da rage masa inganci ba. In kin ga wahala, kai su shagon kwamfuta a yi miki sikanin a 300 ko 600. Abu biyu kuma: ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, sannan ki sani injin buga littafi da tawada huɗu yake aiki, CMYK, shuɗi mai ƙyalli da kore shar da kike gani a fuskar waya duk sai sun dushe. Wannan ko da tab kika zana sai ya same ki, har ya fi, don kalar ruwa a takarda ta fi kusa da abin da zai fito. Nawa kuka yi da ita, kuma ta ba da kafin alƙalami?

Malam na Tudun Wada:
Kowa ya tsallake abin da ya fi muhimmanci. Maganar Hajiya ba tata ba ce, hadisi ne a Bukhari da Muslim cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto, kuma akwai gargaɗi mai tsanani ga masu suranta abu mai rai. Ki zana gidaje da itatuwa da ƙwarya da tabarma, wa ya hana? Mahaifinki ma ai zayyana ya yi, bai zana mutum ba.

Malamar Islamiyya:
Malam, a faɗa duka mana. A Bukharin nan dai ya zo cewa Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), kuma da shi malamai da yawa suka sassauta a kan abin da aka yi don yara da koyarwa. Wasu kuma suka ce a zana ba tare da ido da hanci da baki ba, akwai littattafan yara da ake bugawa haka. Saɓani ne. Ta tambayi malamin da ta yarda da shi.

Malam na Tudun Wada:
'Yar tsana daban, zane daban. Kuma hoton matan mutane ba mayafi da ke cikin katin kyamararta fa? In ta sayar wa ya san hannun da zai faɗa?

Admin:
Don Allah a bar muhawarar fatawa, mun sha yi a nan ba ta ƙarewa. A koma kan tambayarta.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, kati ba a sayar da shi tare da kyamara, kuma ina gogewa da zarar na miƙa wa masu biki. Batun cire fuska kuwa, littafin koyon karatu ne, akwai shafin "ido", akwai "baki", akwai "Audu yana dariya". Ta yaya Audu zai yi dariya ba baki? Ɗan Maɗaba'a na gode ƙwarai, ban san WhatsApp na rage hoto ba. Amma ko na ɗauka da kyamarar, wanda kunu ya ɓata fa? Sabo zan fara, kuma gobe Hussaini ne zai zo da manja. A tab in na yi kuskure sai in koma baya, in kulle in sa a jaka.

Tsohon Ɗalibin Zariya:
Yaya, ni na karanta abin da kika so karantawa. A 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya, Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya, abin da suka dage a kai shi ne mutum ya ɗauko daga zanen gidansu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Ke kin taso da zayyana a hannu, mu sai da muka je muna kwafarta a bangon gidajen birni. Wannan hannun shi ne jarinki, tab ba za ta ƙara miki shi ba, kuma alƙalami a kan gilashi santsi gare shi, sai kin yi makonni kafin layinki ya dawo daidai. Da wa'adi a wuyanki ba lokacin koyo ba ne.

Amma kada ki ɗauka akwai kuɗi. Ni yanzu allon shago da ƙyallen talla nake yi. Wani ɗan takara na zana masa bango guda lokacin zaɓe, har yau in na kira sai yaronsa ya ce yana taro. Ki rubuta yarjejeniya. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya zane na wanda ya zana ne sai in an rubuta an sayar, amma in ba yarjejeniya a rubuce za ki ga Audunki a kalanda da jakar makaranta ba ko sisi.

Oga Mai Studiyo:
Kun ji ko? Mai digiri ma allon shago yake yi. Ni da ban je ko'ina ba yara nawa ke ci a ƙarƙashina. Kuma bari in ƙara miki, 600D tun 2011 ta fito, kowa yanzu sabon samfurin kyamara marar madubi a ciki yake nema. Ki kai ta kasuwa ki ji tayin da za a yi miki, ko rabin kuɗin tab ta kirki ba za ki samu ba. Za ki ƙare da 'yar China wadda alƙalaminta ba ya jin dannawa, ba kyamara, ba zane. In bikin dare ne matsala, ki koma suna da walimar sauka da hoton 'yan makaranta, duk da rana ake yi. Ita mai makarantar ma ki ce ta ba ki hoton ɗalibanta na ƙarshen shekara, ya fi littafin kuɗi.

Maman Walida:
Ni dai shawarata ƙarama ce, nawa uku ne kuma ina lalle. Ki sayi akwatin ƙarfe mai kwaɗo, aiki ya shiga ciki da zarar kin ji motsinsu. Ki ba su tsohuwar takarda da fensirin kala su yi nasu a gefe, in sun ga suna da nasu sun fi barin naki. Babbar kuma ta isa ta riƙe su rabin awa bayan la'asar. Fitila mai caji ta tebur ba ta kai kuɗin tab ba. Amma kada ki sa kala da dare, da safe za ki ga ba ita ba ce.

Uwargida Ran Gida:
A sa 'yar shekara nawa reno? Haka aka yi mana muka tashi ba mu san wasa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Akwati ina da shi, ranar ma fita na yi in sauke tukunya. Ku gane, ba wai ban san amfanin kyamarar ba ne. Amma hoto don kuɗi nake yi, zane kuwa shi ne ni. In na yi kwana biyu ban zana ba har faɗa nake yi wa yara ba dalili. Wannan ne karo na farko da wani ya ce zai sa sunana a bangon littafi. Gobe in Allah Ya kai mu zan sa ƙanina ya leƙa kasuwar waya ta Farm Centre ya ji min kuɗin tab, ji kawai.

Oga Mai Studiyo:
To ai kin riga kin yanke, me kike tambayarmu? In kin tashi sayarwa ki fara min magana, ina da yaron da ke koyo.

Tsohon Ɗalibin Zariya:
Au, Oga, ba kai ka ce ba ta da daraja ba?

Ɗan Maɗaba'a:
Hajiya, har yanzu ba ki amsa min ba. Ta ba da kafin alƙalami, ko da kuɗinki kike sayen takarda da kala?