Wa ya taɓa hawa dutse mai aman wuta ya ga wutar da idonsa?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan uwa. In sha Allahu zan je taro Adis Ababa, kuma ina so in an tashi in wuce yankin Afar in hau Erta Ale, dutsen nan da ake leƙa raminsa a ga narkakken dutse yana tafasa. Hajiyata ta ce sam, wai wa ya aike ni. Don Allah wanda ya taɓa zuwa can ko wani wuri irinsa ya faɗa min yadda abin yake a zahiri, na gaji da kallon bidiyo.

Baffan Yara:
Wa alaikumus salam ɗana. Na je a 2016, ta Mekele muka bi da motocin shiga daji. Dutsen ba wani tsayi gare shi ba, mita 613 ne, wahalar duk ta zafi ce, Danakil, wato hamadar da dutsen yake ciki, na cikin wurare mafi zafi a duniya shi ya sa a lokacin ba a hawa sai rana ta faɗi, raƙuma su ɗauki katifu da ruwa ku kuma ku bi da tocila a kan busasshen baƙin dutse mai yankan takalmi. Tun daga nesa za ka hango sama ta yi ja. Da muka isa bakin ramin wallahi ba wanda ya iya magana, abin yana ta ɓalɓala kamar talge a tukunya, saman ya yi baƙi sai ya tsage ja ya fito, ni dai subhanallahi kawai nake ta maimaitawa. Amma ka sani bayan aman da ya yi a 2017 tafkin wutar ya sauya, wasu sun je hayaƙi kawai suka tarar, wasu kuma suka dace. Ka tambayi waɗanda suka sauko kwanan nan kafin ka ba da kuɗinka. Kuma ba a zuwa sai da rakiyar masu bindiga, an taɓa kashe 'yan yawon buɗe ido a wurin a 2012.

Ɗan Fagge:
Baffa na gode, yaya kuka yi da salla?

Baffan Yara:
Taimama muka yi, ruwan sha ma lissafinsa ake. Ƙasaru, mun haɗa magariba da isha kafin mu kama hanya. Mutanen Afar musulmi ne, masu raƙuman ma tare muka yi sahu.

Uwar Biyu:
Ni Nyiragongo na gabashin Kwango na hau ni da maigidana lokacin muna zaune Kigali, muka tsallaka iyaka ta Gisenyi zuwa Goma. Daga Kibati ake farawa da ma'aikatan gandun Virunga, wannan kam hawa ne na gaske mita 3,470, ruwan sama ya dake mu a hanya ga tsakuwa tana zame ƙafa, kuma abin da ba wanda yake zato shi ne SANYI, kana kallon wuta a ƙasanka amma haƙoranka na kaɗawa. A 'yan ƙananan ɗakuna na bakin ramin muka kwana, ban runtsa ba, in hazo ya rufe sai mu zauna jira ya yaye. Da na ji ya yi aman wuta ran 22 ga Mayu 2021 ya ci gidaje a gefen Goma kuka na yi, don matasan da suka ɗaukar mana kaya 'yan ƙauyukan gindin dutsen ne. Yanzu da halin da gabashin Kwango ke ciki kar ma ka sa shi a lissafi ƙanina.

Na Damagaram:
Ni a Indunusiya na yi karatu, mun hau Ijen a gabashin Jawa da tsakar dare. Abin da ake gani can shuɗiyar wuta ce, iskar farar wuta (wato sinadarin sulfur) ke ci, ba narkakken dutse ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne hayaƙin. In iska ta juyo da shi kanka ido ya rufe, maƙogwaro ya ɗau raɗaɗi, takunkumin korona ba ya komai sai irin mai matata a gefe, in kana da asma ka ga likita tukuna. Ga leburori suna haurowa da kwanduna cike da farar wuta a kafaɗa a cikin wannan hayaƙin, wasu tsumma kawai suka ɗaura a baki, har yau abin yana damuna. Kuma kar ka yarda da zancen ai dutsen yana barci, Marapi na Sumatara ya tashi a Disamba 2023 mutane na kansa, sama da 20 suka rasu.

Ɗan Garwa:
Gaskiyar Na Damagaram ce, mu a Kamaru iskar muka fi tsoro, tafkin Nyos a 1986 ba wuta ba komai, iska mai shaƙe numfashi ce ta fito daga tafkin cikin dare ta kashe mutum wajen 1,700 da shanunsu. Na hau dutsen Kamaru ta Buea ban ga wuta ba, sai dai sandararren dutsen da ya malalo a 1999 har ya tare titi wajen Bakingili gaba da Limbe. In ɗan jagora ya ce a koma to a koma, ko da saura taku goma.

Uwar Biyu:
Kuma kar ka taka inda ya yi baƙi sabo sabo don ɗaukar hoto, ɓawo ne kawai a sama ƙasansa rami ko wuta.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri Yaya, duk na rubuta. Zan nemi takunkumin tun daga Kano, sannan in zauna da Hajiya in karanta mata bayanin Baffa, in ta amince sai in fara cigiyar masu kai mutane ta Semera, babban birnin yankin Afar, an ce yanzu ta can aka fi bi. In ba ta amince ba na haƙura.

Baffan Yara:
Madalla. Ka je tsakanin Nuwamba da Fabrairu zafin ya fi sauƙi, ka sayi takalmi mai kaurin ƙasa, kuma ka gaishe min da Hajiya.