Tarakta na ɗingishi bayan an ɗaure inji: in kai famfo ko a sake buɗewa?

Baban Walida: Salamu alaikum. Ina da tsohuwar Massey Ferguson 135 da muka gada wurin mahaifinmu, mai silinda uku, injin Perkins. Da rani aka sauke injin, aka sa sabbin fistan da ring da silib da gasket. Famfon mai da nozul, masu fesa mai cikin silinda, ba a taɓa su ba. Bugu ɗaya take tashi, amma a sulo, wato in ba a ba ta wuta ba, sai ta riƙa ɗingishi, salansa na fitar da farin hayaƙi mai yaji a ido. In ta ɗau zafi yakan ragu, bai dai ɗaukewa. Na canja filta, na fitar da iska. Bakanike ya ce in kai famfo Kano, ƙanena ya ce a sake buɗe top, wato murfin saman injin. Ga hadari ya fara haɗowa, mutum shida sun ba ni kafin alƙalamin huɗa. Da wanne zan fara?

Sani Mai Shinkafa: Wa alaikumus salam. Canja filta ka fitar da iska, shi ke nan.

Baban Walida: Malam Sani, ai na ce na yi.

Ɗan Autan Inna: Filogi ne. Sayi sababbi.

Oga Garba: Filogi a injin gas? Auta, ba janareton gidanku ba ne. Alhaji, kada ka kashe ko kwabo tukuna. Ta da ita ka bar ta a sulo, ka ɗauki sifana ka sassauta notin bututun da ke shiga nozul, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka sassauta muryar injin ta faɗi, silindarsa lafiya. Wanda ba abin da ya canja, nan ɓarawon yake. Sai ka musanya nozul ɗinsa da na kusa da shi. In ciwon ya bi nozul, ka huta. In ya tsaya, bawul ne ko ring. Ka kiyaye hannunka daga feshin, yana huda fata.

Alhaji Na-Fadama: Kai dai Allah ya raba ka da abin da ya same ni bara waccan. Tawa 375 ce, haka ta fara. Aka ce famfo, na ɗaure shi a buhu na kai birni, ya yi kwana tara. Aka ɗaura, hayaƙin ya ƙaru. Aka ce nozul, na saya. Ran da na zaro sandar baƙin mai na gan shi fari kamar kunun gyaɗa, sai da na zauna a ƙasa. Ashe gasket ɗin da yaron mai gyara ya sa jabu ne, ya karɓi kuɗin mai kyau ya sayo na banza, ruwan lagireto na shiga silinda. Kafin a gama an yi shuka an yi noman farko. Shanuna biyu na sayar na mai da wa mutane kuɗinsu, har yau akwai wanda ba ya amsa sallamata. Yaron kuwa ya kashe waya.

Maman Abba: Innalillahi. Allah ya mai da alheri, Alhaji. Ba ka kai shi wurin mai unguwa ba?

Alhaji Na-Fadama: Hajiya, ɗan ƙanwar matata ne. Ina zan kai shi?

Sani Mai Shinkafa: Nozul dai ba tsada, dubu 12 na sayi ɗaya a Ƙofar Ruwa.

Direba Isiya: Yaushe rabonka da kasuwa? Dubu 35 aka ce min watan jiya, shi ma ɗan Beljiyam.

Oga Garba: Shi kan nozul yake nufi, kai kuma gaba ɗayan injekta. Ba abu ɗaya kuke magana a kai ba.

Injiniya Bashir: Littafin injin ya ce tazarar bawul milimita 0.30 ce in yana da sanyi. Bayan ɗaurin inji ana sake ɗaure top a sake saita bawul in ta ɗan yi aiki. Yawancin masu gyara ba sa komawa.

Direba Isiya: Injiniya, shekara 22 ina kan tarakta, da kunne nake gane ciwonta. Ka taɓa kwana a daji da ita?

Injiniya Bashir: Kunnen ne ya ci shanun Alhaji.

Ɗan Autan Inna: Tsohuwa ce fa, ta girmi rabinmu. A ba ta citta da zuma, tarin zai tafi.

Maman Abba: Ni duk ba wannan ba. Ku direbobi ku ji tsoron Allah. Jarka biyu na ba direba ya yi min kadada uku, kafin azahar ya ce mai ya ƙare. Da yamma yarona ya ga jarkata, mai igiyar shuɗi a hannu, a gaban ɗan bumburutu.

Direba Isiya: Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ku ma masu gona sai ku ce kadada uku, in an shiga a tarar da huɗu da rabi, ga kututture ko'ina.

Sani Mai Shinkafa: Kuma man bumburutun ne ke kashe famfo. Zuba a kwalba ka bar shi ya kwana, ka ga ruwan da zai kwanta a gindi.

Baban Walida: Oga Garba, na sassauta. Na tsakiya ne, muryar ba ta canja ba. Amma notin nozul ɗin ya ƙi kwancewa, in sa ƙarfi?

Maman Abba: Isiya, wa ya auna gonar? Ba kai ka taka ta da ƙafarka ka yanka kuɗin ba?