Batir uku cikin wata huɗu: waɗanda suka taɓa fama da cajin tsohon babban babur, ku ba mu labari

Mai Transalp, Zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Honda Transalp 600 ƙirar 1991, Baljiyam na saye shi shekara biyu da suka wuce. Yawancin hidimarsa ni nake yi a ƙofar gida: juyen baƙin mai, wanke kafireto, ɗaure sarƙa, canja birki. Abin da ya gagare ni shi ne wuta. Cikin wata huɗu batir uku na sa masa. Sabo zai yi kamar mako uku lafiya lau, sai wata safiya in danna sitata in ji ƙat-ƙat, shi ke nan. Ranar Asabar ina dawowa daga Jos, na wuce Saminaka kaɗan, fitila ta fara dishi-dishi, can sai injin ya ɗauke. A bayan a-kori-kura muka iso gida. Masu gyaran unguwarmu hannunsu ya faɗa a kan ƙananan babura, nawa kuwa duk wanda ya leƙa sai ya ce a sake batir. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana abin da ya gani da idonsa, da yadda ya fita.

Mai Africa Twin, Kano

Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, Allah ya kiyaye gaba. Kada ka ƙara sayen batir sai ka sayi mitar auna wuta, irin ta masu gyaran rediyo, kuɗinta bai kai rabin na batir ɗaya ba. Ni ma na sha wannan wahala da nawa, 750 ne ƙirar 1996, kuma da cajinsa da naka duk tsari ɗaya ne.

Ga yadda na bi. Da safe, babur a kashe, na ɗora mita a kan batir: lafiyayye mai cikakken caji yana nuna volt 12.6 ko kusa da haka. Na tayar, na ja mai injin ya ɗaga sosai. A nan ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa ko 12.3 bai wuce ba, wato batir ne kaɗai yake ciyar da fitila da fulogi har ya ƙare, ba abin da ke komawa cikinsa.

Daga nan sai na bi wayoyi uku masu ruwan ɗorawa da ke fitowa daga kwayil ɗin caji a gefen injin zuwa rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar kafin ta shiga batir. Akwai soket a tsakani. Da na ɓalle shi sai na tarar roba ta narke ta yi baƙi, ƙarfe ɗaya ya ƙone ƙurmus. Shekara kusan talatin na ƙura da ruwan sama da zafi, bakin ƙarfen ya yi tsatsa, wuta na wucewa da ƙyar, wurin na ɗaukar zafi har ya ci kansa. Kafin in taɓa komai na gwada kwayil ɗin: tsakanin kowace waya biyu mita ta nuna abu ɗaya, ƙasa da om ɗaya (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tare wuta), kuma babu wadda ta haɗu da jikin injin. Kwayil lafiyarsa ƙalau. Na yanke soket ɗin gaba ɗaya, na haɗa wayoyin da dalma, na rufe kowace ita kaɗai. Wayoyin ukun ba su da gaba ba su da baya, kowace ka haɗa da kowace daidai ne. Yau shekara uku ke nan da batir ɗaya, na je Maraɗi da shi sau biyu.

Mai Super Ténéré, Kaduna

Ni nawa akasin haka ya yi. Caji ne ya yi yawa. A hanyar Abuja na fara jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai daga ƙarƙashin kujera, kwan fitila ya ƙone sau biyu cikin mako guda. Da na auna sai na ga ya haura volt 16. Rektifaya ce ta daina riƙe wuta, tana dafa batir har ya kumbura. Don haka Malam ka taɓa jikin tsofaffin batiran nan naka, ka duba ko sun kumbura ko ruwansu ya ƙafe. Wanda yunwa ta kashe da wanda aka dafa kamanninsu ba ɗaya ba ne.

Dattijo mai BMW, Jos

'Ya'yana, bari in sa baki ko da yake nawa ba na Japan ba ne. R100GS ne, na fi shekara ashirin tare da shi. Akwai lokacin da ya daina caji na yi wata guda ina bincike, na kwance murfin gaban injin ya fi sau biyar. Ashe ɗan ƙaramin kwan nan ne mai jan haske da ke nuna caji a gaban mai tuƙi ya ƙone. A irin waɗannan baburan, ta cikin wannan kwan wutar farko take bi ta tayar da janareto. In ya mutu, caji ba ya kamawa yadda ya kamata. Tun daga ranar, in na murɗa makulli sai na tabbata jan hasken ya kama kafin in tayar, kuma ya ɗauke bayan injin ya ɗaga.

Wanda yake da irin nawa ya riƙe wannan: kada ka kuskura ka cire murfin gaba ba ka fara cire baƙar wayar batir ba. Murfin na iya gogar allon wutar caji da ke bayansa ya ƙona shi nan take, kuma ba kaya ba ne da za ka shiga kasuwa yau ka fito da shi.

Abin da nake so mai tambaya ya ɗauka daga labarina, ya fara da ƙaramin abu mai araha. Fiyus, kan batir, wayar da ke kama jikin babur. A Honda koriya ce. Ka kwance ta, ka goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya yi haske, ka mayar ka ɗaure tam.

Mai Transalp na biyu, Katsina

Baba ya yi gaskiya. Ina da ƙari ɗaya, tunda baburanmu iri ɗaya ne, nawa 1989. Ka tabbata mutuwar da ya yi maka a hanya ta batir ce. Ƙirar farko suna da CDI guda biyu a ƙarƙashin kujera, wato ƙananan akwatunan da ke aika wa fulogi wuta. Da tsufa, kujerar nawa ta lotsa tana danne kan wayoyinsu, har dalmar ciki ta tsage. Sai babur ya koma tafiya da silinda ɗaya, ƙarfi ya ragu, allurar da ke nuna juyin injin ta faɗi ƙasa, bayan ɗan lokaci kuma ya dawo daidai kamar ba a yi ba. Na wanke kafireto har sau uku a banza. Da na musanya su biyun, na ga ciwon ya bi guda ɗaya, sai na gane. Na sa wani, na kuma sauke su ƙasa kaɗan yadda kujera ba za ta taɓa su ba. Amma tunda ka ce fitila ta dushe kafin ya mutu, na fi zargin caji.

Mai XT600, Damagaram

Salamu alaikum mutanen Nijeriya. Ni moto ɗina Ténéré ne na farkon fitowa, wanda Yamaha ta fitar a 1983, sunan hamadarmu ta gabas da Agadas aka sa masa saboda tseren Paris zuwa Dakar da ya riƙa ratsa ƙasarmu. Ba shi da sitata, da ƙafa ake tayar da shi, kuma wutar fulogi ba ta dogara da batir ba. Shi ya sa ban taɓa kwana a daji saboda caji ba. Amma na ga abin da ya sami abokin tafiyata a hanyar Tanut. Ya ƙara manyan fitilu biyu da wurin cajin waya, wanda ya haɗa masa ya ɗauko wutar kai tsaye daga batir, ba ta bayan makulli ba. Ko moto na kashe abin yana tsotsa. Kwana uku a ajiye, batir ya sauka. Ka cire baƙar wayar batir, ka sa mita tsakaninta da kan batir, makulli a kashe. In ka ga wuta na tafiya, akwai mai sha a ɓoye. Ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ta tsaya.

Mai Africa Twin, Kano

Na manta abu ɗaya. In za ka kwance ƙusoshin baburan Japan, sukundireba mai kan kuros na kasuwa yana yawan cinye kansu, don yankan nasu daban ne, ana kiransa JIS. In ba ka da irinsa, ka danna da ƙarfi sosai kafin ka murɗa.

Mai Transalp, Zariya

Allah ya saka muku da alheri, Baba na gode, 'yan uwa na gode. Jiya na sayo mita, yau bayan sallar asuba na shimfiɗa tabarma na fara. A kashe 12.5, da na ja mai 12.4. Na bi wayoyin nan uku, sai na tarar babu ma soket ɗin. Wani da ya riƙe babur ɗin kafin ni ya riga ya yanke shi, ya murɗa wayoyin da hannu ya naɗe da salatif. Da na warware, guda ɗaya ta rabu gaba ɗaya, ta biyu saura silli uku ko huɗu, duk sun yi kore. Kwayil na gwada shi yadda Malam na Kano ya ce, lafiya yake. Na yanke har inda jan ƙarfen yake da haske, na haɗa da dalma, na goge koriyar waya kamar yadda Baba ya ce. Yanzu mita na nuna 14.1, ko da fitila a kunne.

Gwajin ɗan uwanmu na Damagaram ma na yi, babu mai sha. Na ɗaga kujera kuma na ga shatin inda take gogar kan CDI ɗaya, don haka gobe in Allah ya kai mu zan sauke su. Malam na Katsina, da me ka ɗaure naka bayan ka sauke su, kuma nisan yatsa nawa ka bari tsakaninsu da kujera? Ina so in gama kafin Juma'a, akwai ɗaurin aure a Funtuwa.