Aiki can, iyali nan: yaya kuke riƙe gida?

Maman Iman, Birnin Kebbi: Assalamu alaikum. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Yawuri, ni kuma ina koyarwa a firamare a nan. Da duk Juma'a yake zuwa, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai ƙarshen wata muke ganinsa. In taso daga makaranta in faɗa girki, ga Islamiyyar yara, ga babban ya fara ƙin jin magana. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, me ya riƙe muku gida?

Baban Sadik, Gusau: Wa alaikumus salam, Malama. Ina aiki a Shinkafi lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021. Kafin nan komai ta waya ake yi: kuɗin cefane kullum, izinin zuwa asibiti, har sasanta faɗan yara. Da layi ya ɗauke, uwargida ta ci gaba da yanke hukunci da kanta, kuma gida bai rushe ba. Tun daga nan nake damƙa mata kuɗin wata gaba ɗaya, in sayi buhun hatsi in ajiye, na kuma ba ta izini a buɗe kan asibiti da gaisuwar mutuwa. Ku zauna da Malam ku raba: wannan naki ne, wannan sai an jira shi. Rabin gajiyar mace jiran amsa ne.

Inna ta Argungu: Ɗiyata, mu da munka auri manoman rani mun san wanga. In shinkafa ta shiga ban-ruwa, fadama ta ɗauke miji. Ki nemi maƙwabciya guda ta amana, ku riƙa karɓa-karɓa da kai yara makaranta. Zancen yaro kuwa, ki haɗa shi da kawunsa ko malaminsu na allo. Ɗa namiji na son ya ji muryar namiji.

Anti Nas, Talata Mafara: Ni kwanan asibiti nake yi. Ranar hutuna nake jajjage da soya miya mai yawa, kuma na daina jin kunyar sayen tuwo ranar da na gaji. Masu cewa lalaci ne, su zo su kwana tsaye. Ina kuma zubin adashi, kwasata na faɗawa daidai lokacin kuɗin makaranta.

Abu Hafsa, Jega: Ni dai ban ga dalilin wahalar ba. Ya ɗauki iyalinsa su koma Yawuri mana.

Anti Nas: Malam, albashinta fa? Da kuɗin hayar wani gidan? Neman canjin wurin aiki ba a yini ɗaya yake fitowa ba.

Maman Iman: Na gode ƙwarai. Inna, kawun nasa yana Kalgo, kusa ne, zan yi masa magana. Baban Sadik, yaya ka shawo kan Hajiyarka? Tawa surukar ba ta yarda mace ta riƙe kuɗin wata ba.

Baban Sadik: Nata kason nake fara kai mata da hannuna kafin in shiga gida. Ba ta ƙara tayar da zancen ba.