An ga ruwa a jikin ɗan da ke cikina, surukata ta ce in tattara in taho gida

Mai neman shawara (Agege):

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a ɓoye sunana. Ina da ciki wata shida da 'yan kwanaki, sati 27 a lissafin katin awo. Sati biyu ke nan cikin ya yi wani irin girma lokaci guda, fatar tana sheƙi, zanin da nake ɗaurawa har ya zagayo yanzu da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Motsin yaron ma ya ragu. Shekaranjiya na je sikanin, mai ɗaukar hoton ya daɗe yana goga abin a waje ɗaya bai ce komai ba, sai ya fita ya kira likita. Likitan ya juyo min da allon, ya nuna min wani baƙin zobe da ya kewaye hanjin yaron, da wani a gefen huhunsa, ya ce ruwa ne. Ya rubuta min takarda zuwa babban asibiti, ya ce sunan abin haidurof.

Wannan ne cikina na huɗu. Na fari a gida na haife ta a garinmu, lafiya lau, yanzu shekararta shida. Na biyu ya zube yana wata uku. Na uku namiji ne, kwana biyu da haihuwa ya yi ɗorawa shar har tafin ƙafa, aka ce shawara ce, bai kai suna ba. A katina na yanzu an rubuta jinina O nagetif, amma ni ban san ma'anarsa ba.

Maigida yana harkar albasa a Mile 12, kasuwa ba daɗi. Mahaifiyarsa ta bugo waya ta ce wabi ne, in hau mota in taho gida a yi min na gargajiya. Ni kuma zuciyata ta kasu biyu. Me zan yi? Akwai wadda ta taɓa ganin irin wannan yaron ya rayu?

Wata uwa (Obalende):

Wa alaikumus salam 'yata. Allah Ya raba lafiya. Mu dai a zamaninmu in ruwa ya yi yawa zaƙi ake cewa. Ki rage shan ruwa da kayan sanyi, ki samu maganin zaƙi wurin masu ganye ki riƙa sha safe da yamma, zai tsane da yardar Allah.

Ungozoma (Idi-Araba):

Hajiya, ki yi min afuwa, ke uwa ce a gare ni, amma wannan karon ba zan yi shiru ba. Ruwan da ake magana ba wanda take sha ba ne, kuma ba ruwan faya kaɗai ba ne. A cikin jikin yaron yake: a cikinsa, a ƙirjinsa, wani lokaci a kewayen zuciyarsa ko ƙarƙashin fatarsa. In aka ga ruwa a wuri biyu ko fiye daga cikin waɗannan, shi ne ake kiran sa da sunan da likitan ya faɗa. Rage shan ruwa ba zai taɓa shi ba, sai dai ya galabaitar da uwar, ga zafin Legas. Maganin zaƙin nan kuwa sau da yawa gudawa yake sa mace, wani ya tayar da naƙuda ba lokacinta ba.

Ƙanwata, ni abin da ya tsaya min a rai a labarinki shi ne jerin nan: ta fari lafiya, sai ɓari, sai yaro mai shawara tun kwana biyu, sai wannan. Ga O nagetif. Ki tuna, bayan haihuwar fari ko bayan ɓarin, an taɓa yi miki wata allura mai tsada da ake cewa anti-D?

Mai neman shawara:

Anti, ba a taɓa yi min ba. Ta farin a ɗaki na haihu, ɓarin ma a gida na yi jinyarsa. Ni jinotayif kawai muka gwada kafin aure, ni AA shi AS, aka ce ba matsala.

Maman 'yan biyu (Ijora):

To ai sai ki yi maza ki sayi allurar gobe-goben nan a yi miki. Ni duk haihuwa sai an yi min ita, kuma 'ya'yana huɗu ras.

Likitar mata (Ikeja):

Salamu alaikum. Ba na duba mara lafiya ta waya, don haka abin da zan faɗa bayani ne, ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

Da farko jinotayif daban, rukunin jini daban. AA da AS zancen sikila ne, kuma sikila ba ta cika taɓa yaro a ciki ba, domin jinin ɗan tayi wani iri ne da ke kare shi har bayan haihuwa. Nagetif da fozitif kuwa wata alama ce a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Yawancinmu a Najeriya muna da ita, kusan biyar cikin ɗari ne kawai ba su da ita. In uwa ba ta da ita, yaro kuma ya gado ta wurin uba, to ranar da jinin yaron ya ɗan shiga nata, wajen haihuwa ko ɓari ko zubar jini, jikinta sai ya ɗauke shi baƙo ya haɗa masa garkuwa. Ɗan fari yawanci yana tsira domin kafin garkuwar ta haɗu ya riga ya fito. A cikin da ke biye, garkuwar tana ratsa mabiyiya ta riƙa farfasa jinin yaron. In abin bai yi tsanani ba, a haife shi da shawara mai ƙarfi a kwana ɗaya ko biyu na farko. In ya yi tsanani, jininsa ya yi ƙasa tun yana ciki, zuciyarsa ta yi ta bugu har ta gaji, hanta ta kumbura, ruwa ya fara tsattsafowa daga jijiyoyi yana taruwa. Abin da mutanenmu da yawa suke kira wabi, wani kaso daga ciki wannan ne.

Maman 'yan biyu, kin yi dace, kuma haka ake so: a yi allurar wajen sati 28, a sake cikin awa 72 bayan haihuwa, haka ma bayan ɓari. Amma rigakafi ce. Tana hana jiki haɗa garkuwar ne, ba ta rushe wadda ta riga ta haɗu. In gwaji ya nuna 'yar uwarmu ta riga ta kamu, kuɗin allurar asara ne, gara a adana su don abin da ke gaba.

Sai dai kada mu yanke hukunci tun yanzu. Labarinta ya yi kama da rikicin jini sosai, amma ruwan nan alama ce kawai, abubuwa da yawa suna kawo shi. Akwai nakasar zuciya. Akwai bugun zuciyar yaro da ke gudu fiye da 200 a minti, wanda ake ba uwa magani irin su digoksin ta sha ya isa ga yaron, ruwan ya janye. Akwai ƙwayar cutar farbo, mai sa kumatun yara su yi ja kamar an mare su, ita ma tana tsayar da haɗa jini a jikin ɗan tayi. Akwai tunjere, wanda allurar fenisilin ke maganinsa. Akwai kuma matsalar halitta ta ƙwayoyin gado, wadda ba mu da maganinta. Wanne ne daga ciki, shi zai nuna hanyar da za a bi.

Abin da za ki tarar a babban asibiti: za a ɗebi jininki a yi gwajin Kumbs don a ga ko garkuwar tana nan da kuma ƙarfinta, a gwada tunjere da sauran cututtuka, a duba rukunin jinin maigida. Za a sake sikanin na tsanaki, a kalli zuciyar yaron ɗaki-ɗaki, sannan a auna gudun jini a wata jijiya ta ƙwaƙwalwarsa da na'urar Dofla. Jinin da ya tsinke ya fi gudu, don haka in gudun ya haura ninki ɗaya da rabi na abin da aka saba gani a wannan satin, alama ce yaron yana da ƙarancin jini.

In haka ne, akwai aikin da ake yi: a ƙara wa yaro jini yana cikin mahaifa. Tun 1963 wani likita mai suna William Liley ya fara shi a Niyu Zilan. Yanzu ana bin hoton sikanin ne a soka siririyar allura ta cikin uwa zuwa jijiyar cibiya, a zuba jinin O nagetif da aka tace, a maimaita bayan sati biyu ko uku har yaron ya yi ƙwarin da za a ciro shi. Ba kowane asibiti ke yin sa ba, sai inda ake da ƙwararru kan lafiyar ɗan tayi. Ki tambaye su kai tsaye: a nan ake yi, ko ina za ku tura ni? In ba a samu hanyarsa ba, likitoci sukan auna tsakanin barin yaro a ciki da ciro shi da wuri, su yi miki allurar da ke ƙarfafa huhunsa tukuna.

Ba zan ɓoye miki ba ƙanwata, yanayi ne mai nauyi, kuma ana rasa yara da yawa a kansa ko da an yi duk abin da ya dace. Amma a cikin dalilan nan, ƙarancin jini yana cikin waɗanda aka fi samun sa'a a kansu in an kama da wuri. Ki je gobe, kada ki jira ranar awonki. Daga Agege, LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas da ke Ikeja, ya fi miki kusa, ɓangaren haihuwarsu shi ne Ayinke House. Akwai kuma LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas, a Idi-Araba. Duk wanda aka rubuta a takardarki, shi za ki nufa.

Wani magidanci (Alaba Rago):

Da izinin iyaye mata. Saƙona ga maigidanta ne, ki karanta masa. Ɗan'uwa, daga nan zuwa gida tafiyar kusan kilomita dubu ce, kwana a mota, ga ramuka. In naƙuda ta taso mata tsakanin Mokwa da Tegina da tsakar dare, wa za ka kira? Kada ka yi musu da Hajiya mahaifiyarka. Ka ce mata likita ya hana tafiya, ka roƙe ta ta sa a yi addu'a da sauka a can, in da hali ka turo mata kuɗin mota ita ta zo ta zauna da ku. Uwa in ta ga hoton da idonta takan sauko. Batun kuɗi kuma ka faɗa wa shugabannin layinku a kasuwa tun yau, kada kunya ta hana ka. Mun sha yin karo-karo a kan abin da bai kai wannan ba.

Wata 'yar uwa (Sabo, Ikorodu):

Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ni nawa bai rayu ba. Sati 30 aka gani, zuciyarsa ce ba ta haɗu daidai ba, ba rikicin jini ba. Ya yi awa huɗu a duniya. Babansa ya yi masa huɗuba a kunne ta ƙofar kwalba, na riƙe ƙafarsa, ta kumbura har yatsana yana lotsawa a ciki. Ba don in karya miki zuciya na faɗa ba. Abin da nake so ki sani shi ne ni ma na kusa tafiya. Ƙafafuna suka kumbura, fuskata ta cika, zobe ya ƙi fita, na ɗauka nauyin ciki ne. Ashe jinina ya hau sosai. Likita ya ce wani lokaci jikin uwa yakan kwaikwayi na yaron, ita ma ta tara ruwa. Don Allah ki lura da kanki, kina da yarinya 'yar shekara shida da ke jiran ki.

Ungozoma (Idi-Araba):

Allah Ya sa mai ceto ne 'yar uwa. Abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma yana iya kaiwa ga jijjiga. Ƙanwata, in kin ji ciwon kai mai tsanani, ko ganinki ya dushe, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko numfashi ya gagara in kin kwanta, ko ruwa ko jini ya ɓalle, ko yaron ya daina motsi, ko ƙarfe biyun dare ne ku fita. Lambar gaggawa ta Legas 112 ce ko 767.

Sai batun jini. O nagetif yana wuyar samu, kuma ke kanki shi kaɗai za a iya ƙara miki in an yi tiyata ko kin zubar da jini, wanda yakan faru in mahaifa ta buɗe da yawa saboda ruwa. Yaron ma in ya fito zai iya buƙatar a sa shi a wutar shawara ko a sauya masa jini gaba ɗaya. Ku fara cigiyar masu irin jinin tun yanzu, kuma kada a ɗebi na maigida ko danginsa don wannan. Gobe ki fita da asuba kafin gosulo, ki ɗauki katin awo, hoton sikanin, takardar turawa, da ɗan kayan sawa ko za su riƙe ki.

Wani ɗalibi (Yaba):

Anti, ni O nagetif ne, na taɓa bayarwa sau biyu. Na bar lambata wurin mai kula da zaure. Duk ranar da asibiti suka nema a kira ni.

Mai neman shawara:

Na gode, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na karanta wa maigida duka, ya yi shiru, sannan ya fita waje ya kira Hajiya. Ban ji me suka ce ba, amma ya dawo ya ce jibi za ta taso.

Yau tun ƙarfe shida muna asibiti. An ɗebi jinina da nasa, nasa B fozitif ne. An yi awon jijiyar kan yaron, likitan ya ce gudun ya yi sama, zuciyar kuma bai ga nakasa a gininta ba. Jinina ya ɗan hau, don haka sun ba ni gado. Gobe babban likita zai zo da sakamakon Kumbs, a nan za su faɗa mana ko ƙarin jinin zai yiwu da kuma inda za a yi. Yarinyata tana wurin maƙwabciya. Ɗazu bayan la'asar ya motsa sau uku, na ƙirga. Ɗan'uwa na Yaba, maigida zai kira ka da safe in sha Allah.